Zagin da Ba a Rama wa Maliki Ba

Duk wanda ya taɓa sayen igiyar ɗaure sa a kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu cikin shekarun nan kusan arba'in, da wuya bai saya a hannun Maliki mai igiya ba. Mutumin Kangire ne, dogo, siriri, ya ɗan rankwafa saboda zaman tufka, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. Yana nan da ransa, yana kuma zuwa kasuwa. Amma in ka gan shi yau ba za ka yarda shi ne wanda ake ba da labarin kaifin bakinsa ba, domin abu guda da yake taƙama da shi a duniya ya kuɓuce masa, kuma ba ɓarawo ne ya ɗauke ba. Abin nan kuwa shi ne mutumin da zai zage shi.

Kada ka yi saurin dariya, bari ka ji asalinsa tukuna.

A ruga aka haife shi, can bayan Kangire. Kakansa Bafulatani ne mai garken da ba a faɗin adadinsa a gaban mutane. Uban ya gaji rabonsa, yana kiwo yana taɓa noma, har shekarar da ciwon bushiya ya shigo ƙasar, lokacin Maliki na saurayi ɗan ashirin da 'yan kai. Cikin wata biyu garken ya kwanta. Karsana uku suka tsira, su ma yunwar shekarar da ta biyo baya ta cinye su a kasuwa. Fulatanci kuwa tun kafin nan ya riga shanun barin gidan, don uwar Maliki Bahaushiya ce 'yar Wurno, da Hausa ta rene shi, uban kuma mutum ne da sai ya yini bai yi magana goma ba. Abin da Maliki ya tsira da shi na harshen kakansa bai wuce gaisuwa da kiran saniya ba. Na sana'ar kakan kuma, tufkar igiya: dabaibayi, takunkumi, da dangwalin da ake jera maruƙa a jikinsa. Haka ya tashi yana tufka wa shanun wasu abin ɗauri.

A ƙasar nan tamu ba a fara tambayar mutum shi wane ne, sai an ji ɗan wane ne. Maƙeri da mahauci da wanzami da malami, kowa ya zo duniya ya tarar an riga an shimfiɗa masa tabarmar da zai zauna, mai kyau ce ko yagaggiya, tasa ce dai. Maliki ya zo ya tarar an naɗe tasa. In Fulanin daji suka tsaya a gabansa, sai su dubi hancinsa da hasken fatarsa su gaishe shi da yare. Ya amsa ta farko, ya amsa ta biyu, ta uku ta maƙale. Sai su dubi juna su ce ashe kaɗo ne, ba Bafulatani ba, su juya Hausa cikin wani irin tausayi da ya fi raini ciwo. Hausawan Kangire kuma da shi ake sahu, da shi ake ɗaurin aure, Malam Maliki sama Malam Maliki ƙasa, har sai ranar da shanu suka shiga gonar waken wani. Ranar ce za a tare shi a ƙofar masallaci a ce masa 'yan'uwansa sun yi ɓarna. Ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba, kuma abin yana cin sa fiye da yadda yake nunawa.

Ranar da ya fara kasa kaya a kasuwar Sara, sarkin kasuwa ya nuna masa wani gefe kusa da 'yan kanwa, tun da mai sayen kanwar shanu shi ne mai sayen igiya. Yana cikin shimfiɗa buhu sai ya ji murya mai kauri daga rumfar da ke damansa.

"Alhamdu lillahi. Shekara uku ina cigiyar bawan nan nawa da ya gudu, ga shi Allah ya kawo mini shi har da igiyar da zan ɗaure shi."

Maliki ya waiga. Wani ƙaƙƙarfan baƙin mutum ne zaune a kan buhun kanwa ungurnu, fuskarsa cike da zanen Barebari, yana tauna goro yana kallonsa ido cikin ido. Modu ke nan, wanda iyayensa suka zo daga Borno da fataucin kanwa suka yi zamansu a Gwaram.

Maliki ya san da wasan Fulani da Barebari kamar yadda kowa ya sani, kowanne na cewa ɗayan bawansa ne tun kaka da kakanni. Ya ga kakansa na yi. Amma bai taɓa sa rai wani zai yi da shi ba. Ga mutum bai gwada shi da yare ba, bai tambaye shi ina shanunsa ba, ya dube shi kawai ya miƙa masa abin da ake miƙa wa cikakken Bafulatani. Can Allah ya ba shi amsa, ya ce ai ba sai an sha wahalar cigiya ba, kakansa ne ya sa aka tsattsaga fuskar Barebari don in sun ɓata a kasuwa a gane na wane gida ne, kuma ga shi dabarar ta yi rana. 'Yan kanwa suka kwashe da dariya. Modu ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, ya ɓare rabin wanda ke hannunsa ya jefo masa, wai kada a ce bai ciyar da bawansa ba. Indo, matar Maliki, wadda a lokacin amarya ce, ta sha ba da labarin cewa ranar ya shigo gida yana 'yar waƙa, ta ɗauka kayan ne suka ƙare, ashe igiya biyu ya sayar.

Wasan nan yana da dokokinsa, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta su. Ba a zagin uwa. Ba a taɓa wani aibi da Allah ya ɗora wa mutum shi kaɗai, ƙabilar ake haɗawa a yi mata kuɗin goro. Ba a fushi, wanda ya yi fushi shi aka kayar. Babbar dokar kuwa ita ce ramuwa. In an jefe ka dole ka jefa, domin ramuwar ce shaidar cewa ku biyun daidai kuke. Maganar da aka yi shiru aka haɗiye ta tashi daga wasa, ta koma cin mutunci tsagwaronsa.

Shekara talatin da bakwai suka yi rumfa na jingine da rumfa, ba ranar kasuwar da ɗayansu ya ci bashin ɗaya a baki. Modu ya ce Barebari ne suka koya wa Fulani sa wando. Maliki ya ce Babarbare in ya hango bandar kifi sai ya manta da la'asar. Modu ya ce Bafulatani ya fi jin mutuwar maraƙi a kan ta ƙaninsa. Masu ciniki kan gama sayayya su ƙi tafiya. Har da Fulanin dajin nan masu ce masa kaɗo, in suka ji ya kayar da Modu sai su daka sanda a ƙasa don daɗi, su tafi suna maimaitawa, don a wannan fagen dai nasu ne, kuma su yake tare wa faɗa.

Akwai shekarar da aka yi rikicin manoma da makiyaya a wani ƙauye can wajen Fagam, labari ya iso kasuwa da rana tsaka an ƙara masa gishiri. Matasa suka bazu da gora suna neman duk mai kama da Fulani. Fulanin gaske tuni sun kora dabbobinsu sun yi daji, sai mai igiya aka samu zaune, wanda bai ma san me ake ciki ba. Modu ya miƙe ya tsaya a gabansa ya ce wannan dukiyarsa ce, gadon ubansa ne, duk wanda ya fasa masa kan bawa to ya shirya zuwa ya riƙa yi masa dakon kanwa har ya mutu. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, wani ya kama, sai matasan suka fara sauke gorarsu ƙasa. Da suka watse Modu ya koma kan buhunsa, ya ce da Maliki kada ya sake ya yi masa godiya, ba wanda ke gode wa mutum don ya tsare kayansa.

Amma abin da Maliki ya fi riƙewa ba wannan ba ne. Lokacin da ƙyanda ta ɗauke musu 'yar fari, Zahara'u, tana shekara shida, kunyar ɗan fari ta hana shi ko ɗaga kai. Ya zauna a tabarma yana amsa gaisuwa kamar 'yar maƙwabci ce ta rasu, alhali wani abu ya tokare masa ƙirji har ba ya iya haɗiyar ruwa. A rana ta biyu sai ga Modu, tun daga Gwaram. Ya yi addu'a tare da kowa, aka shafa, sannan ya nuna Maliki da baki ya ce wa jama'a su dubi halin Bafulatani, ko hawaye sai ya yi rowarsa, yana tara shi ne ya kai kasuwa kamar nono. Dattawa suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Maliki ya buɗe baki ya ce gara shi, Babarbare in ya yi kuka hawayen ma ɓata yake a cikin kwatamin fuskarsa. Ya fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya ta zama kuka, ya yi mai isarsa, ba kuma wanda ya ga baikensa, don an san abokin wasa ne ya ɓalle masa. Tun daga nan ya san amfanin mai zagi a gidan makoki.

Zamani kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Igiyar leda ta shigo ta kashe rabin cinikin ta rama. Tsofaffin 'yan kanwa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ubaidullahi, babban ɗan Maliki, wanda ke jan mota tsakanin Birnin Kudu da Kano yana sauraron wa'azi tun daga tasha har tasha, ya fara zaunar da uban cikin ladabi yana nuna masa cewa kiran Musulmi bawa bai dace da mai furfura ba, kuma alfahari da ƙabila ragowar jahiliyya ce. Maliki ya ce masa ya je ya kula da birkinsa. Shi ma Modu nasa babban ɗan, Abdulnasir, tun yana ƙarami wani kawunsa ya ɗauke shi zuwa Kano, ya yi boko har ya ƙure ta, ya zama dakta, ba na allura ba, na ilmin zamantakewar al'umma, yana koyarwa a wata jami'a. Modu kan yi taƙama cewa ɗansa ne ke karantar da yadda mutane ke zama da junansu. Maliki ya ce ai dama sai Babarbare ne zai je har jami'a kafin ya iya zama da mutane.

Bara waccan, bayan an gama girbin gero, ƙafafun Modu suka kumbura, ya daina fitowa. Da aka ci kasuwa uku rumfarsa a rufe, Maliki ya hau mota ya tafi Gwaram. Ya same shi kwance a zaure ya rame, zanen fuskarsa ya zurma. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce shiru kamar an aiki bawa garinsu. Modu ya buɗe ido da ƙyar ya ce mai bawa a kasuwa me zai fito da shi cikin rana. Muryar ta shaƙe, amma ya rama. Maliki ya dawo gida da ƙwarin gwiwa, ya ce wa Indo mutumin zai tashi, tun da bakinsa bai mutu ba.

Bayan mako biyu Modu ya rasu, kuma ba wanda ya gaya wa Maliki. Ba mugunta aka yi masa ba, wannan ne ma abin haushin. An buga wa dangi na Maiduguri waya, an gaya wa surukai, an sanar a masallacin unguwa, an gaya wa abokan aikin Abdulnasir. Maliki ba dangi ba, ba suruki ba, ba maƙwabci ba, ba ɗan kanwa ba. Da aka zauna ana lissafa waɗanda ya wajaba su ji, ba a zo kan wani gurbi mai suna abokin wasa ba. A kasuwar Birnin Kudu ya ji, a bakin Ɗan'azumi mai goro, wanda ya tsaya yi masa ta'aziyya yana zaton da shi aka kai mamacin. Kwana biyu ke nan da binnewa, washegari sadakar uku.

Ya naɗe kayansa ya koma Kangire. Bai yi kuka ba, bai kuma ci abinci ba. Abin nan na shekarun baya ya dawo ya tokare masa ƙirji a daidai inda ya taɓa tokarewa. Da safe ya sa babbar rigarsa ta sallah ya tari motar Gwaram, yana tafe yana tufka maganar da zai faɗa, ya warware ya sake tufkawa. Abin da yake nema ɗan kaɗan ne. Ya yi wa Modu sallama da harshen da suka saba, wani mai jinin Modu ya mayar masa, jama'a su yi dariya, abin da ke ƙirjinsa ya samu hanya. In ɗan ya amsa, to wasan bai mutu ba, ya gaje shi ke nan kamar yadda ake gadon gona.

Ya tarar an kafa rumfar tamfol a ƙofar gidan. Mutanen gari na kan tabarmi, baƙin jami'a na kan kujerun roba a gefe guda, motocinsu jere a jikin katanga. Bai sha wahalar gane Abdulnasir ba. Fuskar sumul take ba zane ko ɗaya, ga tabarau, amma kafaɗun na uban ne. Maliki ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya durƙusa aka yi addu'a aka shafa. Maimakon ya ja gefe kamar kowa, sai ya gyara zama ya ɗaga murya yadda har na kan kujeru za su ji.

"To, ina magajin bawan nan nawa? Sawu na biyo. Shekara talatin da bakwai ina ciyar da shi, ya tashi ya gudu ko sallama babu. Tun da uban ya tsere, ɗan zan kama."

Da a da ne, kafin ya rufe baki wani tsohon Babarbare ya cafe. Amma tsofaffin sun ƙare. Dattawa biyu 'yan kasuwa da suka san zancen Hausawa ne, wasan ba nasu ba ne balle su amsa, sai suka sunkuyar da kai. Wani ƙanen Abdulnasir ya miƙe fuska a murtuke yana tambayar wane ne wannan, wa ya bar shi ya shigo. Abdulnasir ya ɗaga masa hannu.

"Ƙyale shi, na gane. Baba Maliki ne ko? Mai igiya?"

Muryar Modu ce sak, har kaurin. Maliki ya ce a ransa ga ramuwar nan tafe, ya ma fara shirya abin da zai mayar.

Ta leƙo ta koma. Abdulnasir bai juyo gare shi ba, wajen kujeru ya juya, fuskarsa ta ɗan saki a karo na farko cikin kwana uku. Ya ce wa abokan aikinsa su lura da kyau, wannan shi ne wasan barkwanci tsakanin ƙabilu da suke koyarwa a aji, ga shi yau da ransa a gabansu, har a gidan mutuwa, abin da ya zaci ya ƙare sai a takarda. Ya yi musu bayani rabi da Hausa rabi da Turanci. Al'umma, in ji shi, kamar jiki take, kowace al'ada da aikin da take yi, aikin wannan kuwa shi ne ta zuƙe gabar da ke tsakanin ƙabilu biyu kafin ta taru ta fashe. Wani mai gemu da ake kira Dakta Aminullahi ya girgiza kai ya ce shi bai yarda ba. A ganinsa ragowar yaƙe-yaƙe da cinikin bayi ce aka shafa wa zuma, kuma duk inda ka ji ana dariya a kan kalmar bawa, to ka bincika wa ya taɓa danne wa. Na uku ya ce dukansu sun yi nisa, abin dubawa shi ne ma'anar da su mutanen biyu suka ba kalmar a tsakaninsu, don ita kalma ba ta da nauyi sai wanda masu ita suka ɗora mata. Wannan na ukun ya fi kusa da gaskiya. Sai dai shi ma bai ga dalilin tambayar mutumin da ke durƙushe taku uku daga ƙafarsa ba.

Suka yi ta yi ƙasa-ƙasa saboda girman wurin, amma da gani ka san suna jin daɗin musun. Maliki na nan durƙushe. Ba duka yake ganewa ba, ya dai gane cewa shi ake tattaunawa, yadda dillalai kan kewaye sa suna duba haƙoransa. Maganar da ya jefa tana nan a tsakiyar tabarma ba wanda ya ɗauka, kuma duk daƙiƙar da ta ƙara a wurin ƙara muni take yi. Mutanen gari sun fara satar kallonsa. Ya daure ya sake gwadawa, muryarsa ta ragu.

"Ɗan bawa, ban ji amsarka ba. Ka rama mana."

Abdulnasir ya taso da sauri, ya russuna, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Haba Baba, ni wa? Kai fa uba ne a wurina. Wallahi bakina ba zai iya ba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci."

Ya sa aka kawo kujera, ya ɗaga shi daga cikin mutanen gari ya zaunar da shi a tsakiyar baƙi, aka ajiye masa ruwan roba mai sanyi. Ba a taɓa girmama Maliki haka ba tun da uwarsa ta haife shi, kuma ba a taɓa yi masa abin da ya kai wannan ciwo ba. Da yaron ya zage shi da gaske, ko ya sa an kore shi, da ya san inda zai ajiye abin. Amma me za ka yi da mutumin da ya rufe maka ƙofa yana durƙuso?

Sannan Abdulnasir ya zaro waya. Ya roƙi alfarma cikin ladabi, ko Baba zai daure ya maimaita abin da ya faɗa ɗazu, daidai yadda ya faɗe shi, don ɗalibai su gani, kada abin ya ɓace. Ya ce zai zama kamar tunawa da marigayi. Maliki ya dubi wayar, ya dubi kafaɗun nan na Modu. Ba a hana maraya abin da ya roƙa ran sadakar ubansa. Aka ce ya miƙe tsaye don haske ya fi kyau, ya miƙe. Ya maimaita, tun daga ina magajin bawan nan har zuwa ɗan zan kama, kalma bayan kalma, ya kai ƙarshe ya saurara don sabo. Abdulnasir ya danna wayar ya ce madalla, ta fito sosai.

Daga nan Maliki ya sauka daga tsayuwar, ya durƙusa kamar kowane baƙo, ya ce ya aka ji da haƙuri, Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta. Bai taɓa kiran Modu da wannan suna ba, sai ya ji kamar wani mutum dabam yake wa addu'a. Aka amsa da amin. Ya nemi takalminsa ya kama hanyar tasha, ruwan robar na nan a ƙarƙashin kujera bai buɗe ba.

Kukan bai zo ba, a mota ko a gida, har yau kuma bai zo ba. Rumfar Modu wani matashi ya karɓa yana sayar da maganin dabbobi, yaro mai tarbiyya, kullum sai ya gaishe da Baba ya tambayi ƙarfin jiki. Maliki ya amsa da lafiya lau ya ci gaba da tufkarsa. Mutanen Kangire na cewa Malam Maliki ya natsu, girma ya zo. Ubaidullahi na gode wa Allah da ya shiryi tsohonsa. Indo ce kaɗai ta san tuwon da take zuba masa rabi yake dawowa.

Da damina ta faɗi, wata rana da la'asar Ubaidullahi ya dawo daga Kano ransa a ɓace. Wani fasinja ne ya nuna masa wani bidiyo da ke yawo a waya, ɗalibai sun tura wa juna har ya fita daga hannunsu, bayanin malaminsu bai biyo shi ba. Ya miƙa wa uban wayarsa, ga bidiyon a ciki. Maliki ya ajiye ramar da ke hannunsa, ya nisanta wayar daga idonsa don ya gani da kyau. Ya ga wani tsoho cikin babbar riga, tsaye shi kaɗai a gidan makoki, yana kiran mamaci bawa, yana cewa zai kama ɗansa. Tsohon ya gama, ya karkata kai yana jira, ba wanda ya ce masa uffan.

Ya kalla har sau biyu, sannan ya mayar wa ɗansa wayar. Ya ce shi ma da yana wurin, da ya sa an fitar da wannan mutumin.